Gurbin da Na Ƙi Cikewa

A fulat ɗinmu na unguwar Al Nahda a Dubai mu bakwai ne, ni ne babba, kuma ni ne abin tsokana. Tun ranar da Yakubu, mai tuƙa motar kai kaya, ya ji cewa sana'ata ta haɗa da hura balan-balan, sunana ya tashi daga Baba Iliya ya koma Baba Mai Balan-balan. Idan ana bikin wani yaro a benenmu sai ya leƙo ɗaki ya ce, "Baba, yalla, tashi maza, an samu kwangila a hawa na uku." Ban cika kula shi ba. Amma ran nan ya miƙo mini wayarsa, ga taswirar duniya da waɗansu layuka masu launi suna gudu a kanta, ya ce, "Baba, ga iskar duniya gaba ɗaya, har ta can saman ƙanƙara, free. To ku me kuke yi da ake ba ku salary?" Sauran suka kwashe da dariya. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku, ku shidan nan da ire-irenku.

Wayarka ba ta taɓa fita waje ba, Yakubu. Abin da take nuna maka lissafin kwamfuta ne, kuma kwamfutar ba ta da abin lissafawa sai lambobin da wani ya auna da gaske. Taurarin ɗan'adam suna aikowa, jirage ma suna aikowa, amma idan ana so a san ko gaskiya suke faɗa, ga balan-balan ake komawa, domin shi ne ke shiga cikin iskar ya bi ta tun daga ƙasa har sama da kilomita talatin. Jirgin da ke tashi daga nan Dubai zuwa yammacin Amurka ta kan ƙuryar arewar duniya yake bi, kuma yawan man da zai sha ya danganta da iskar da zai tarar a can. Can sama da hanyar jirage kuma akwai wata iskar mai zagaye ƙuryar duniya a lokacin sanyi, wadda masana ke sa wa ido, domin idan ta warware sanyi ne ke kwararowa kan ƙasashe da yawa. Ni na auna ta da hannuna, sanyi guda cur. Kuma saboda ita na kusa rasa aikina da bizata a rana ɗaya, a kan sa hannu a takarda guda. Labarin da zan ba ku ke nan, amma sai kun fara jin inda na koyo.

Aikina na farko a wata tashar duba yanayi a Kano wanke tukunya ne. Wata doguwar tukunyar ƙarfe ce da ake haɗa gas ɗin hura balan-balan a ciki. Ana zuba soda mai ƙuna, da wani garin ƙarfe, da ruwa, a ɗaure murfi a koma gefe, ta yi zafin da ba a iya taɓa ta. Gas ɗin kuwa ko tartsatsi ya ji sai ya tashi da rufin ɗakin. Malam Habu, wanda na koyi aiki a hannunsa, yakan tsayar da ni a bakin ƙofa kullum ya lalube aljihuna ko da ashana, ya duba takalmina ko da ƙusa, alhali ya san ba na shan taba. Wata uku na yi ina kankare gindin tukunyar nan kafin ya bar ni na riƙe wuyan balan-balan. Na zo da takardar makaranta ina ji da kaina, shi kuwa har muka rabu bai taɓa tambayar ta ba.

A tasharmu a lokacin babu na'urar da ke bin balan-balan, ido ne ke bi. Akwai madubin hange mai ƙafa uku. Mutum ɗaya ya kafa ido a ciki yana murɗa maɓallai biyu yana bin ɗan ɗigon da ke ƙanƙancewa a sama, ɗaya kuma yana riƙe da agogo da takarda. Kowane minti mai agogo ya ce "karanta", mai ido ya faɗi lamba biyu, a rubuta. Daga lambobin nan ake fitar da gudun iska da inda ta dosa a kowane tsayi. Ka yi atishawa, ya ɓace maka. Ka ɗaga kai ka share gumi, ya ɓace maka. Wata rana ina kan madubi ya shige gajimare, saura layi huɗu takarda ta cika, sai na ci gaba da faɗin lambobi yadda na ga suna tafiya. Malam Habu ya rubuta biyu, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni. Ya ce, "Iliya, yanzu har ta cikin gajimare kake gani?" Ya goge abin da ya rubuta, ya sa rula ya ja layi a wuraren huɗu, ya ce abin da ido bai gani ba layi ake ja masa. Mako guda ya mayar da ni kan tukunya.

Wani abin da ya dasa mini shi ne tsoron zafi. Roba ba ta son zafi. Balan-balan ɗin da rana ta taɓa, ko aka ajiye shi kusa da kwanon rufi, sai ya manne ya lalace, ya fashe tun bai yi nisa ba. Namu muna ajiye su a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, a ƙasa kusa da randa, da bazara kuma mu rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Na taɓa barin guda a kan benci a waje na minti goma, Malam Habu ya yi mini faɗan da har masinja ya leƙo ya ga ko lafiya. Abin ya shiga jikina har na daina tunani a kansa. In na ɗauki kwalin roba, ƙafata da kanta take neman inuwa.

Dubai na zo ta hannun wani kamfani mai sayar da kayan duba yanayi da ba da hayar ma'aikata. Nan na saba da kayan zamani: ɗan farin akwati, bai fi kwalin ganyen shayi ba, ana ɗaura shi a ƙasan balan-balan da doguwar igiya, yana aiko da zafi da danshi da inda yake a kowace daƙiƙa. Madubin hange ya tafi hutu, amma hannu bai tafi ba. Har gobe mutum ne ke gwada akwatin kafin a sake shi, mutum ne ke auna gas, mutum ne ke ƙulli. Na yi aiki a hamada, na yi a tashar jiragen ruwa, na yi a kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, inda sai ka tsaya ka karanci yadda igiya za ta wuce ƙarafa ba ta maƙale ba, ga ma'aikata sun jeru suna jira ka kunyata su samu abin hira. Masu haya iri-iri ne. Masu haƙar mai, sauri suke so, mutanen filin jirgi lokaci suke so, 'yan jami'a kuwa har sai sun tambaye ka da wane hannu ka saki. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa makara ba, ban tsallake rana ba, kuma ban ɓoye wa kowa cewa ina alfahari da hakan ba.

Wannan sunan ne ya sa manaja ya kira ni lokacin da kamfani ya samu kwangila daga wata jami'a ta Turai. Za a kai kaya da ma'aikaci ɗaya wata ƙaramar tasha a wani tsibiri can kusa da ƙuryar arewa. Abin da 'yan jami'ar ke so shi ne iskar can ƙololuwa, daga kilomita ashirin zuwa sama, sau biyu a rana, tun daga shigowar sanyi har fitarsa. Za su gwada ta da abin da kwamfutarsu ke hasashe, su ga ko tana faɗin gaskiya. Idan aiki ya yi kyau akwai shekara ta biyu. Waɗansu a ofis suka yi ta gunaguni, wai za a tura mutumin ƙasar zafi ya je ya daskare. Ni kuwa na ce iska iska ce, roba roba ce.

Na je kasuwar Murshid neman kayan sanyi, na biya wurin abokina Alhaji Nasiru, Bakano mai tura kaya gida a kwantena, wanda muka saba tun farkon zuwana. Ya ga na tara safa da barguna, ya ce, "Iliya, kai da fanka ke sa wa mura? Ina za ka?" Na gaya masa. Ya ce, "Wata huɗu babu rana? To ai gara kai. Mu da azumi zai same mu a can, sai dai a aika Kano a tambayi malamai." Ya ƙara mini hular sanyi biyu daga cikin kayansa, ya ce in na dawo da rai in kawo masa labari.

Ranar da na sauka a tsibirin, wanda zan karɓi aiki daga hannunsa awa biyu kacal yake da ita, domin jirgin da ya kawo ni shi zai koma da shi, matuƙin kuma sai kallon sama yake yi. Ya nuna mini rumfar hura gas, ya nuna mini kwamfuta, ya nuna mini bindigar da ake fita da ita saboda farin beyar, dabbar nan da ke yawo a kan ƙanƙara kuma ba ta ƙin naman mutum. Sannan ya tafi. Na shiga zagaya kayana ni kaɗai. Sai na buɗe wani kabad na ƙarfe a ɗakin aiki, ɗumi ya bugi fuskata. Balan-balan ne jere a ciki, da ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. A gefe kuma ga wani baho mai murfi yana warin kananzir. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, dubi mutanen nan da duk iliminsu, suna dafa roba, sun kuma ajiye mai kusa da ita. A ranar na kwashe su kaf na kai rumfar waje inda babu wuta, inda ruwa ke daskarewa a kofi kana kallo. Na kashe kabad ɗin, na juye kananzir a duro. Na shiga cin abinci ina jin na gyara wa Turawa aiki.

Bari in gaya muku yadda saki guda yake a can, tunda kun ce wasan yara ne. Minti ashirin kake yi kana sa kaya. Ka fita, agogo ya ce tsakar rana, waje kuwa duhu. Ka shimfiɗa balan-balan a kan tebur mai laushi, ba ka taɓa jikinsa da hannu tsirara, domin maiƙon yatsa ma rauni ne gare shi. Ka buɗe gas a hankali har ya ɗaga ɗan nauyin da aka ɗaura masa. Gas ya yi yawa, ya fashe da wuri, ya yi kaɗan, ya yi ta jan ƙafa. Sai ƙulli. Ƙulli ba ya yiwuwa da manyan safar hannu, dole ka cire, kuma kana da kamar ƙirga ashirin kafin yatsun su daina jin maganarka. Daga nan a buɗe ƙofar da ke bayan iska, wani yana tsaye da bindiga da fitila yana duban hanya, kai kuma ka fito da abin da ya fi ka girma yana fizgar ka a sama, akwati a ɗaya hannun. Idan iska na da ƙarfi sai ka bi ta da gudu a kan ƙanƙara, ka saki balan-balan, ka ci gaba da gudu har igiya ta miƙe ta karɓi akwatin daga hannunka bai daki ƙasa ba. Na faɗi ba sau ɗaya ba. Haƙorin nan nawa na gaba da kuke cewa goro ne ya cinye shi, can na bar rabinsa.

Sannan ka koma ciki ka zauna gaban kwamfuta kusan awa biyu kana kallon lambobi suna hawa. Wannan lokacin nake so fiye da komai a sana'ar. Yatsunka suna dawowa da zogi, shayi na hannunka, ga abin da ka ɗaure da kanka yana can inda babu tsuntsu babu jirgi, yana gaya maka yadda iska ta juya ta ƙara gudu. Hanyar sadarwar tashar ba ta da ƙarfi, don haka kullum ɗan gajeren saƙo muke turawa, na sashen ƙasa kawai, har zuwa wajen kilomita goma sha shida, wanda masu hasashen yanayi da jirage ke buƙata. Na can sama, wanda jami'a ke jira, a faifai yake zama, sai an gama a dawo da shi a hannu.

Makonnin farko komai lafiya. Da sanyin sama ya tsananta sai balan-balan ya fara fashewa a hanya. Wanda ya kamata ya wuce talatin sai ya tsaya a sha takwas, gobe a sha bakwai. Na rage gas. Na ƙara gas. Na canja kwali, na canja shimfiɗar tebur, na yanke farcena har ya yi jini. Na rubuta wa ofishin Dubai da zafi na ce an haɗo ni da ruɓaɓɓun kaya. Duk abin da ke duniya na zarga ban da kaina. Kwana goma sha tara ana haka, babu saki ɗaya da ya leƙa inda aka aiko ni in auna, kuma a daidai makonnin da iskar ta fi ƙarfi, waɗanda saboda su aka yi duk wannan ɗawainiya. Saƙon kullum yana tafiya cikakke, don haka ban da ofishinmu, daga waje babu wanda ya ga alamar komai.

Tsohon makanikin tashar ne ya kawo ƙarshen abin, mutum marar yawan magana da ya daɗe a wurin. Ya shigo rumfar waje neman sifana, ya ga kwalayena sun yi fari da sanyi. Ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya kawo waɗannan nan?"

Na ce, "Ni."

"Don me?"

Na ce masa da muryar mai koyarwa, "Zafi yana ɓata roba."

Ya dube ni ya ce, "A ƙasarku."

Ya ɗauki kwali ɗaya ya ce in biyo shi. Ya kunna kabad ɗin, ya jera su, ya je ya ɗebo kananzir ya haɗa da ɗan baƙin mai ya zuba a baho. Ya ce sanyin can sama ya fi duk wanda muke ji a ƙasa, roba kuwa idan ta tafi a sanƙare ba ta iya miƙewa, sai ta tsage. Saboda haka sai an ɗumama ta yini guda, a tsoma ta a bahon nan, a rataye ta ta tsane, sannan a hura. Ya nuna mini bayan ƙofar kabad ɗin. Duk abin da ya faɗa yana nan a rubuce, an manna shi da gam. Fushi ne ya hana ni karantawa ranar da na buɗe.

Washegari na saki wanda aka ɗumama, ya wuce talatin bai ko waiga ba. Na zauna ina kallon lambar tana hawa, ban ji daɗi ko kaɗan ba. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina saurayi. Makanikin bai sake tayar da maganar ba, bai kuma gaya wa kowa a tebur ba, na gode masa har yau. Daga ranar har rana ta dawo ban ƙara samun matsala ba. Amma kwana goma sha tara sun tafi, kuma babu yadda za a yi a sake auna iskar da ta riga ta busa.

Na dawo Dubai da faifan a aljihun ƙirji, saura mako uku bizata ta ƙare, kuma kamfani ne ke sabunta ta. Yarana biyu suna makaranta a Jos, aikin nan ne ke riƙe da su. Tun ranar farko na gaya wa manaja gaskiya, na ce kayan lafiyarsu ƙalau, ni ne na ɓata su. Bayan kwana huɗu ya kira ni ofis ya turo mini rahoton da za a aika wa jami'a, an buga shi tsaf. Na buɗe shafin kwanakin nan, sai na ga layuka cike har kilomita talatin, babu gurbi ko ɗaya.

Na ce, "Oga, daga ina waɗannan lambobin?"

Ya ce, "Daga kwamfutar hasashe, habibi. Ta san abin da iskar ta yi a kwanakin nan, kusan daidai. An ɗan gyara su yadda za su hau kan naka. Kai dai sa hannu a ƙasa, khalas, an gama. Babu wanda zai ji kuskurenka, kamfani ya samu shekara ta biyu, kuma kai ne za ka koma."

Na ce, "Mutanen nan sun tura ni ne in duba musu ko kwamfuta gaskiya take faɗa. In na miƙa musu amsar kwamfutar na ce ni na auna, ai kamar na bar ɗalibi ya yi wa kansa maki ne."

Ya ce, "Shwaiya shwaiya, Iliya, bi a hankali. Ba sa karɓar rahoto sai da hannun wanda ya yi sakin, kai ke nan. Takardar visa ɗinka kuma tana cikin durowar nan. Je ka yi tunani zuwa Litinin."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so sa hannun. Ba don biza kaɗai ba. Abin da ya fi ja na shi ne rahoton nan yana wanke ni tas. Mutumin da ya cika ofis da baki cewa roba roba ce, ga hanya ta samu da babu wanda zai taɓa sanin ya kwashi kaya ya kai sanyi da hannunsa. Kuma ina son komawa can, yanzu da na san aikin.

Ranar Asabar da la'asar na je Al Buteen, bakin ruwa, inda Alhaji Nasiru ke shan shayi idan ya gama lodi. Na kwashe komai na gaya masa. Ya yi dariyar kabad ɗin har da hawaye, sannan ya natsu.

Ya ce, "Iliya, iska ce fa. Ba kayan wani ka ci ba. Ta riga ta wuce, wa zai je ya kamo ta ya tambaye ta?"

Na ce, "Ta wuce, Alhaji, kuma ban gan ta ba."

Ya ɗan jujjuya kofinsa. Can ya ce, "Kai dai da taurin kai. To shi ke nan. In sun yi maka cancel ɗin biza, ka zo ka riƙa ɗaure mini cargo, tunda ka iya ƙulli. Amma kar ka sa mini atamfa a firji."

Ranar Lahadi da na dawo daga coci na zauna na buga nawa rahoton. A kwanakin nan goma sha tara, daga inda kowane balan-balan ya fashe zuwa sama, na bar wurin babu lamba, na ja layi. A gaba na sa shafi ɗaya mai cewa ma'aikacin ya ajiye kayan a sanyi bai ɗumama su ba, saboda bai karanta umarnin da ke jikin kabad ba. Na rubuta sunana cikakke a ƙasa. Shafin nan ya fi ƙulli a ƙanƙara wuya.

Litinin da safe na ajiye shi a gaban manaja. Ya karanta shafin farko sau biyu.

Ya ce, "Da hannunka ka rubuta wa kanka wannan?"

Na ce, "Da hannuna na kwashe su, Oga."

"Ka san za su hana mu shekara ta biyu?"

"Mai yiwuwa."

"Ka san yau ɗin nan zan iya sallamarka?"

Na ce, "Na sani. Kuskuren nawa ne, ga shi na sa masa hannu. Wancan rahoton kuwa sai dai ka nemi wani Iliyan."

Ya nuna mini ƙofa da biro. Kwana goma sha biyu ina zuwa ofis ina zama babu wanda ya ba ni aiki, babu wanda ya kore ni. Masu gunagunin da suka ce zan daskare suka samu abin taunawa, ina jin su suna wucewa. Na haɗa jakata na ajiye a ƙarƙashin gado, ban gaya wa gida komai ba. Daga baya na ji cewa lokacin miƙawa ya ƙure, babu wani hannun da za a karɓa, dole nawa rahoton aka aika. Jami'a ta karɓa, ta ba wani kamfani shekara ta biyu.

Saura kwana biyu bizar ta ƙare ya sake kira na. Abu biyu ne a kan tebur, takardar sabunta biza da wani mabuɗi mai igiyar roba.

Ya ce, "Mai tsaron sito ya tafi. In kana so, ga shi. Amma fili kam ka gama, ba zan ƙara tura ka ko'ina ba, ko bayan ginin nan ne."

Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, hannuna bai taɓa iya aikin kamar yadda ya iya shi a ranar ba. Na ɗauki mabuɗin.

Shekara tara ke nan ina sito. Ina karɓar kwalaye, ina jera su, ina ɗora wa waɗanda ban kai rabinsu ƙarfi ba kuma ba su kai rabina sani ba su tafi su saki. Ban ƙara riƙe wuyan balan-balan ba, kuma ina kewarsa, ba zan ɓoye ba. Tashoshin duniya duka lokaci ɗaya suke saki, na rana yana faɗowa wajen uku da kwata a agogon Dubai. Kullum idan lokacin ya yi sai in ji hannuna ya tsaya da abin da yake yi, in san cewa a can tsibirin wani ya cire safar hannu yana ƙirga ashirin. Abin yana yi mini ciwo har yau. Amma da za a sake ajiye mini rahoton nan da biro a gabana, sito zan sake ɗauka.